Yadda nake gyara launukan delta a tamina

A ofishinmu da ke Jidda teburina na bakin taga ne. Da hantsi rana takan bugi allo, rubutu ya dushe a kan baƙin bango, shi ya sa nake aiki da farin bango a tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni. Idan da delta kake duba canje-canjen Git, gyaran ba wuya (Git manhaja ce mai adana tarihin canje-canjen fayiloli, delta kuma ke nuna su da launi).

Fara haɗa shi da Git:

git config --global core.pager delta

Daga nan buga delta --show-syntax-themes --light, za ka ga kowane salon launi a kan rubutun manhaja na gaske. Masu baƙin bango su sa --dark. Salon nan daga bat, wata manhajar nuna fayiloli da launi, delta ya aro su, don haka Dracula, Nord da gruvbox-dark duk suna ciki. Ni GitHub na zaɓa:

git config --global delta.syntax-theme GitHub
git config --global delta.light true

Kada ka tsallake layi na biyun. Salon yana canza launin haruffa ne. Ja da koren da ke bayan layukan da aka cire ko aka ƙara, wannan layin yana tabbatar da sun dace da farin bango. In koren ya yi maka kauri, rage shi:

git config --global delta.plus-style "syntax #e6ffed"

Kalmar syntax a nan ita ce ke barin haruffa da launinsu. Idan launuka sun fito a gurɓace, musamman cikin tmux, manhajar raba tamina kashi-kashi, duba ko saitin tamina mai suna COLORTERM yana kan truecolor, ko ka sa delta.true-color ya zama always.