Kurakuran masu tafiya ruwan zafi na cikin daji a ƙafa

Yawancin masu zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi lissafin zuwa kawai suke yi, alhali dawowa ce ke kayar da mutum. Ruwan zafi yana saki jijiyoyin jini, jinin ya sauka, gumi kuma ya yi ta zuba ba ka sani ba tunda a cikin ruwa kake. Kana miƙewa jiri ya ɗebe ka, ga duwatsu da hawa suna jiranka. Idan zafin ruwan ya kai digiri 40, kada zama ya wuce minti 15. A fito a hankali, a zauna inuwa kamar rabin awa, a sha ruwa, sannan a ɗaura takalmi. Ruwan sha a auna shi tun daga gida: aƙalla rabin lita ga kowace awa ta tafiya, kaso mafi yawa na dawowa ne. A haɗa da ruwan gishiri da sukari: lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Wasu kuma sun ɗauka kowane ruwan zafi irin na Wikki ne. Wikki da ke Yankari digiri 31 yake dare da rana, shi ya sa har yara ke iyo a ciki. Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa da na Tafadek a arewacin Agadas sun fi shi zafi nesa ba kusa ba. Bakin idon ruwa ne wuri mafi zafi, kuma digiri 60 yana saɓule fata cikin 'yan daƙiƙu. A fara daga ƙasa inda ruwan ya huce, a taɓa da bayan hannu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi kada ya gwada da ƙafa. Mai juna biyu gara ta haƙura da zama ciki.

Kuskuren da ya fi tayar mana da hankali shi ne nutsa kai, da shaƙa ruwan a hanci wajen alwala. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, ta hanci take bi ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Kai ya tsaya a sama, alwala kuma a yi ta da ruwan da aka zo da shi a buta.

Kada a shiga daji ba ɗan jagora na yankin, kuma a gaya wa wani a gari lokacin da za a dawo, don waya ba ta da sabis a irin wuraren nan. Da damina kada a yada zango a gadon rafi ko da ya bushe ƙayau. Ruwan da aka yi a kan tudu yana iya saukowa ba hadari a kanka. Silifas na bakin ruwa ne, hanya sai takalmi sau-ciki saboda ƙaya da kububuwa. Sabulu kuma a bar shi a jaka, akwai mutane da dabbobi masu shan ruwan a gaba.