Yadda ake ƙawata kewayen tafkin kifin ado a Abuja

Kafin a sayi fure ko guda, a duba inda ruwan sama yake bi a gidan. Daminar Abuja takan ɗauko daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma duk ruwan da ya gangaro cikin tafki da jar ƙasa da taki yake shigowa. Nan ne yawancin aiki ke lalacewa.

Da farko a ɗaga bakin tafkin ya ɗara ƙasa da santimita 10 zuwa 15. Sai a gyara ƙasar kewaye ta riƙa gangarawa waje, santimita 2 a kowace mita. A gefen da ya fi tudu a haƙa rami mai zurfin santimita 40, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututun roba mai inci 4 da aka huhhuda, a sake rufewa da tsakuwa, bakinsa ya fita kwata. Wayar lantarkin famfon da ke juya ruwan tafkin ma yanzu ake binne ta cikin nata bututun, tun ba a dasa ciyawa ba.

Dutsen da za a jera a bakin tafkin ya zama irin wanda ake fasawa a Mpape, a wanke shi tas. Ɗanyen siminti yana sauya ruwa har ya kashe kifi, don haka in an ɗaure duwatsun da shi, a cika tafkin a zubar sau uku cikin mako biyu kafin a saka kifi.

Sai shuka. Kada a dasa ceɗiya kusa, saiwarta na fasa kankare. Dogon yaro da mangwaro kuwa ganye suke zubarwa lokacin hunturu, ya ruɓe a ƙasan ruwa. Babbar bishiya ta ba da tazarar mita 5 aƙalla, ta yamma, don ta tare ranar la'asar a watan Maris. A bakin tafkin, ciyawar jema ta fi: saiwarta ƙasa take nutsawa, tana riƙe gaɓa. A jera ta tazarar santimita 15. Cikin ruwa a sa bado a tukunya, ya rufe kamar sulusin saman ruwan.

Takin zamani da maganin ƙwari, kada su kusanci tafkin. Taki na haifar da gansakuka, ruwa ya koma kore, da dare ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. In da asuba ka ga kifaye sun taso suna buɗe baki, canza sulusin ruwan nan take, ka bar famfo a kunne.

Gida mai yara, a kewaye tafkin da shinge mai ƙofar kullewa kafin a zuba ruwa.