Darasi na 9: Renon Irin Kayan Lambu a Lokacin Hunturu

Tumatir da albasa da kabeji da latas sun fi yin kyau a ƙasar Hausa daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazara. Shi ya sa idan aka bi ta Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsa gonaki, ko aka je Aliero ta Jihar Kebbi ko Galmi ta Jamhuriyar Nijar, garuruwan da suka yi suna wajen noman albasa, za a tarar a waɗannan watanni ne aikin lambu yake kankama. Sai dai sanyin da yake taimaka wa tumatir ya riƙe fure ya yi 'ya'ya, shi ne kuma yake wahalar da ƙwayar iri da tsiron da bai yi ƙwari ba. Manoman da suka yi renonsu tun a watan Satumba ko Oktoba sun tsallake wannan wahala, domin ƙasa tana da sauran ɗumi a lokacin. Wannan darasi na waɗanda reno ya kai su watan Disamba ko Janairu ne, ko saboda girbin damina ya riƙe su, ko saboda kuɗin iri bai zo da wuri ba, ko kuma saboda suna son su yi dashe kashi na biyu.

Abin da sanyi yake yi wa iri

Ƙwayar iri tana buƙatar laima da ɗumi da iska kafin ta tsaga. Irin tumatir ya fi saurin tsira idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin Salshiyas, kuma a irin wannan hali kwana 5 zuwa 7 sun ishe shi. A tsakiyar hunturu kuwa, sanyin dare a Kano yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a tsaunin Jos ma ya fi haka sauka, saboda haka irin da ya saba fitowa cikin mako guda sai ya kai kwana 10 ko 14 yana kwance. Tattasai da attaruhu sun fi tumatir son ɗumi, har sukan yi mako 3 ba su nuna kai ba. Kabeji da latas da albasa ba su damu da sanyi sosai ba. Latas ma zafi ne yake hana shi tsira.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mutum zai leƙa wurin renonsa a kwana na 7 bai ga komai ba, sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya yi ta kwarara ruwa safe da yamma har ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ƙasar da ta sha ruwa fiye da kima ta fi busasshiya sanyi, kuma iska ba ta shiga cikinta, sai ƙwayar ta ruɓe tun ba ta fito ba. Daga nan sai a ɗora laifin a kan mai sayar da iri. Ni kaina na taɓa yin asarar gwangwanin irin attaruhu guda ta wannan hanya, na tone wurin a kwana na 12 don in sake shuka, sai na tarar da ƙwayoyin da ba su ruɓe ba sun fara fitar da farar saiwa, na lalata su da hannuna.

Gwada iri da karanta takardarsa

Tun da iri yana jinkiri a cikin sanyi, wajibi ne ku tabbatar yana da rai kafin ku zuba shi a ƙasa. Ku ƙirga ƙwaya 20, ku jera su a kan tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, ku naɗe shi ku sa a cikin leda, ku ajiye a ɗaki inda yake da ɗumi. Ku riƙa dubawa kullum kada tsumman ya bushe. Idan bayan kwana 7 zuwa 10 ƙwaya 16 ko fiye sun tsaga, irin yana da kyau. Idan 10 ne kawai, sai ku ninka abin da za ku shuka. Idan kuwa bai kai haka ba, ku nemi wani. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga albasa, domin irinta ba ya daɗewa, da ya wuce shekara guda ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai.

Karatun da kuke koyo yana da amfani a shagon mai iri. A jikin gwangwani ko takardar iri akwai sunan irin, kamar UC82B ko Roma VF a tumatir, akwai kuma watan da shekarar da wa'adinsa zai ƙare. Ku karanta da kanku kafin ku miƙa kuɗi. Idan kun ga harafin F da lamba 1 a kusa da sunan, wato F1, to irin aure ne, wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban-daban. Yana da yabanya mai kyau, amma ba a cire iri daga 'ya'yansa don shukar baɗi, domin ba za su fito kamar uwarsu ba. Irin da kuka gani da launin ja ko kore ko shuɗi an shafa masa magani ne, saboda haka a nisanta shi daga yara da kaji, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Ku sani kuma giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, don haka mai ƙaramin lambu ba ya buƙatar babban gwangwani.

Wurin reno

A damina inuwa ake nema wa reno, a hunturu kuwa rana ake nema masa. Ku zaɓi wurin da hantsi yake fara dukansa, kusa da ruwa, wanda ba a noma tumatir ko tattasai ko gauta ko dankalin Turawa a cikinsa bara ba, domin dangi ɗaya ne, cututtukansu kuma suna kwana a ƙasa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma bushewarta ta fi sanyinta illa, saboda tana tsotse laimar saman ƙasa cikin 'yan sa'o'i, daidai inda ƙwayar take kwance. Don haka kafin komai ku kafa zana ko shingen karan dawa ta arewa da gabas, amma ku ja shi baya kaɗan, kamar taku biyu, don kada ya tare hasken safiya.

Faɗin gadon reno kada ya wuce mita ɗaya, wato kamu biyu, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Tsawonsa kuwa ya danganta da yawan irinku. Idan ƙasar fadama ce mai laka, ku ɗaga gadon ya yi tudu kamar santimita 15 don ruwa ya riƙa tsanewa. Idan jigawa ce mai yashi, sai ku yi shi kamar fangali mai ɗan gefe domin ya riƙe laima. Ku farfasa ƙasar ta yi laushi, ku tsince duwatsu da saiwoyi, sannan ku cakuɗa ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, ɗanyen kashin shanu kuma yana jawo gara da ciyawa. Manoma da yawa sukan tara kara a kan gadon su cinna masa wuta kwana biyu kafin shuka. Dabara ce mai kyau, domin zafin yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da suke saman ƙasa, tokar kuma ta zama taki.

Shuka da rufi

Yafi ya fi sauri, amma ni layi nake ba da shawara. Ku ja layuka da tsinke a faɗin gadon, zurfinsu kamar santimita ɗaya, wato bai kai gaɓar yatsa ba, tsakanin layi da layi kuma faɗin tafin hannu. Ku zuba irin jefi-jefi, idan ƙanana ne sosai ku gauraya su da busasshen yashi don kada su taru wuri ɗaya. Ku rufe da lallausar ƙasa, ku danna da tafin hannu a hankali. Irin latas yana son haske, saboda haka ɗan barbaɗa ƙasa kawai za a yi masa. Karas kuwa ba a renonsa ko kaɗan, a gonarsa ake shuka shi kai tsaye, domin idan aka tumɓuke shi saiwarsa takan karkace ko ta rabu biyu.

Bayan shuka sai a lulluɓe gadon da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko tattakar shinkafa, kaurin yatsa biyu, a yi ban ruwa ta samanta. Wannan rufi shi ne bargon iri. Yana riƙe ɗumin da ƙasa ta tara da rana, yana hana iska busar da ita, yana kuma hana ruwa tone ƙwayoyin. Wanda yake renon tattasai ko attaruhu zai iya ƙara buhu ko leda a sama da la'asar sakaliya, tun ƙasa tana da ɗuminta, ya yaye da hantsi. Kada a manta da leda a kan gado har rana ta take, domin ranar hunturu ma tana iya dafa iri a ƙarƙashinta.

Daga kwana na 4 ku riƙa ɗaga rufin kowace safiya kuna dubawa. Tsiron tumatir yana fitowa ne a lanƙwashe kamar ƙugiya, wuyansa fari, kansa yana cikin ƙasa tukuna, wani lokaci ma da ɓawon ƙwayar manne a bakin ganyensa. Da zarar kun ga irin waɗannan sun bayyana a layuka da yawa, ku kwashe ciyawar a ranar. Idan aka bar ta kwana biyu kacal, tsiron zai miƙe yana neman haske, ya yi tsawo da siranta da fari, kuma irin wannan ba ya ƙara yin ƙwari. Daga nan sai a kafa 'yan sanduna a yi rumfa gajera, a riƙa shimfiɗa zana ko buhu a kanta da dare, a cire da safe.

Ban ruwa

Lokacin ban ruwa a hunturu shi ne hantsi, bayan rana ta ɗaga ƙasa ta fara ɗumi. Ruwan da aka ba da almuru yana kwana a gindin tsiro cikin sanyi, kuma yana daga cikin abubuwan da suke jawo ciwon ruɓewar gindi. Alamarsa ba ta ɓuya: za ku zo da safe ku tarar da tsiro sun kwanta a wuri ɗaya kamar an taka su, ganyensu kore shar, amma daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar zare. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Sai a cire shi tare da ƙasar da take kewaye da shi a kai nesa, a rage ruwa, a kuma rage cunkoso don iska ta ratsa. Kafin kowane ban ruwa ku tura yatsa cikin ƙasa. Idan da laima a gaɓar farko, ku bari sai gobe. Ku yi amfani da bokiti mai rariya a baki, ko gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, kada a kwarara da bakin tiyo.

Wani lokaci za ku ga karan tumatir da bayan ganyensa sun yi launin shunayya. Sau da yawa sanyi ne ya hana saiwa jan abinci yadda ya kamata, kuma yakan washe idan ƙasa ta yi ɗumi, don haka kada ku yi gaggawar watsa takin zamani. Idan ganyen gaskiya biyu sun fito, wato waɗanda suke biyo bayan ganye biyun farko da tsiro yake fitowa da su, ku tsuge layukan ku bar kamar faɗin yatsa biyu tsakanin tsiro da tsiro. A lokacin rani koren ganye yana da wuya, saboda haka kaji da tsuntsaye da ƙadangaru da fara duk kan reno suke yi. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki yana tare su, yana kuma rage shigar malam-buɗe-littafin da yake haifar da tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Arewacin Nijeriya a 2016. Amma kada a cire gidan sauron da yara suke kwana a ciki saboda lambu. Idan kun ga ganye yana nannaɗewa ko yana da fararen zane a cikinsa, ku kai wa malamin gona ya gani kafin ku sayi magani.

Dashe

A lokacin ɗumi tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, a hunturu kuwa yakan kai mako 5. Kabeji mako 4 zuwa 5 ne, tattasai da attaruhu mako 6 ko fiye, albasa kuma mako 6 zuwa 8, lokacin da kaurinta ya kusa na fensir. Ku haɗa lissafin kwanaki da abin da ido ya gani: tumatir mai ganyen gaskiya 4 ko 5, mai kauri, wanda tsawonsa bai wuce taƙi ba, shi ne ya isa. Kada a bar shi ya tsufa a gado, domin kowane mako da aka ɓata yana tura furensa cikin zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da fure yake zubewa ba tare da ya ƙulla ba.

Idan saura mako guda a yi dashe, ku daina rufin dare, ku rage ruwa kaɗan-kaɗan domin tsiron ya saba da halin da zai tarar a fili. Ranar dashe ku jiƙa gadon sosai tun da safe, ku bari sai la'asar, sannan ku sa tsinke ko ƙaramar wuƙa ta ƙasa ku ɗago tsiron da ƙasarsa, kada ku fizge shi ta ka. Ku ɗebi daidai wanda za ku iya dasawa kafin magariba, ku bi shi da ruwa nan take.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya samo ƙwaya 20 na irin da yake da shi a gida ya yi gwajin tsumma. Ya buɗe shafi a littafinsa ya rubuta sunan irin da ranar da ya jiƙa shi, sannan kowace safiya ya rubuta adadin ƙwayoyin da suka tsaga. Wanda ya riga ya yi shuka kuma ya samo ɗan katako ko murfin gwangwani, ya rubuta sunan irin da kwanan watan shuka, ya kafa a bakin gadon, ya kuma lissafa ranar da ya kamata ya fara dashe. Ku zo da littattafanku a zama na gaba domin mu kwatanta lissafin tare.