Yadda za ka je kwanfarans ka dawo da abin da ya fi satifiket da hoto

Ranar da imel ya shigo cewa an karɓi tsakuren maƙalarka, to daga ranar tafiya ta fara, ba ranar da za ka ja akwati zuwa filin jirgi ba. Mutane da yawa anan suke yin sake, sai su tsaya murna da tura sikirinshot a gurup-gurup, sati uku ya wuce ba su nemi takardar gayyata ba, ba su duba fasfo ba, ba su ma san ko akwai ranar intabiyu a ofishin jakadanci kafin taron ba. Kuma wallahi abin takaici ne ka ga mutum ya yi shekara biyu yana bincike, an ba shi gurbi a shirin taro, sunansa na nan a buge, amma lokacin da shugaban zama ya kira shi kujera ce kawai.

Kafin ma ka kashe sisi, ka tabbatar taron na gaske ne. Akwai masu shirya kwanfarans na bogi waɗanda kuɗin rajista kawai suke bi. Ana gane su: imel ne zai zo maka da kirari kamar kai ka ƙirƙiro fannin, ka tura tsakure yau gobe su ce an karɓa ba gyara ko ɗaya, taro ɗaya amma ya haɗa likitanci da injiniyanci da adabi da noma duk a zaure guda, kuma in ka duba za ka ga irin taron sak da suna ɗaya a birane goma cikin wata ɗaya. Ka duba wace ƙungiyar masana ce ko wace jami'a ke bayansa, ka nemi kundin maƙalun bara ka gani, sannan ka ɗauki mutum ɗaya cikin kwamitin da suka jera ka tura masa saƙo ta imel ɗinsa na jami'a ka tambaye shi ko ya san da sunansa a wurin. Tambayar sufabaizanka ko wani babba a sashe ma ta wadatar sau da yawa, in duk fanninku ba wanda ya taɓa jin sunan taron to ka bar shi.

Wani ƙaramin abu game da ranar rufe karɓar maƙala, in ka ga an rubuta AoE a gefen kwanan wata, ana nufin sai ranar ta ƙare a ko'ina a duniya, wato agogon da ke bayan na Girinic da awa 12. In ba a rubuta haka ba to galibi agogon garin masu taron ne, ka lissafa da kyau, shafin yana rufewa ne da kansa ba ruwansa da magiya.

Sai maganar biza, wadda ita ce ke cin mutane. Ka fara da fasfo. Ƙasashe da yawa suna son ya zama saura aƙalla wata 6 kafin ya mutu, ƙasashen Shengen kuma, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna son wata 3 bayan ranar da za ka fita, da shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma kada fasfon ya wuce shekara 10 da fitowa. Bizar Shengen ana iya nemanta tun saura wata 6 a yi tafiya, ƙa'ida ita ce su yanke hukunci cikin kwana 15 amma suna da damar ja har kwana 45, kuma wannan lissafin daga ranar da ka miƙa takardu ne, samun ranar miƙawar kanta wata wahala ce daban musamman lokacin da ɗalibai da masu yawon buɗe ido suka yi yawa. Dole ka yi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ka nema a ofishin ƙasar da taron yake, kada ka ce bari in nemi ta wata ƙasa saboda an ce ta fi sauƙi, jami'in kan iyaka zai iya tambayarka kuma takardar gayyatarka za ta tona. Ingila da Ailan ba sa cikin Shengen, kowacce da tata bizar. Amurka kuma fom DS-160 za ka cika, ajin B-1 ne na halartar taro, kuma jiran intabiyu a wasu wurare yana kaiwa watanni, don haka ranar da aka karɓi tsakurenka ranar za ka duba.

Wannan matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma bai kamata wanda aka hana ya ɗauka laifinsa ne ba. A babban taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Montiriyal a 2022 mahalarta da yawa daga Afirka da Asiya ba su samu biza a kan lokaci ba, har abin ya zama abin magana a zauren taron. Irin wannan na cikin dalilan da wasu ƙungiyoyi suka fara kai tarukansu inda kowa zai iya shiga, kamar taron ICLR na masu binciken ƙirƙirarriyar basira da aka yi a Kigali a 2023. Ni a ganina duk ƙungiyar da ke kiran taronta na duniya ya kamata ta yi wannan tunanin tun kafin ta kama zaure. Kai dai abin da ke hannunka shi ne takardu su cika: gayyata mai ɗauke da sunanka daidai yadda yake a fasfo da taken maƙalarka, shaidar biyan rajista, wasiƙar wurin aikinka ko makarantarka da ke cewa an ba ka izini kuma za ka dawo bakin aiki, bayanin asusun banki, in kuma wani ne ke ɗaukar nauyi to wasiƙarsa ta faɗi ƙarara me da me zai biya. Ka tambayi masu taron tun wuri ko in biza ta ƙi za su maido kuɗin rajista ko su bar ka ka gabatar ta intanet, ka samu amsar a rubuce.

Katin rigakafin shawara, wato yalo kad, wasu ƙasashe ba sa bari ka shiga in babu shi, ya danganta da inda ka fito ko ka biyo. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta ishe ka har ƙarshen rayuwa.

Kuɗi kuma, kusan kowane babban taro yana da tallafin tafiya na ɗalibai da matasan masu bincike, sai dai ranar rufe nemansa takan riga komai, wani lokaci tare da tsakuren ake nema. Akwai rangwamen rajistar wuri, akwai na ɗalibi, akwai na 'yan ƙungiya wanda sau da yawa kuɗin shiga ƙungiyar bai kai rangwamen da za a yi maka ba, wasu kuma suna yafe rajista gaba ɗaya in ka yarda ka yi aikin sa-kai na 'yan awanni, riƙe makirfo ko zama a teburin rajista. Abin da ba a cika faɗa wa sababbi ba shi ne yawancin tallafin nan biya ne bayan an dawo, kai za ka fara kashewa daga aljihunka sannan a maido maka, kuma maidowar tana iya ɗaukar watanni. Saboda haka rasit ɗin komai ka ajiye, har da bodin fas, domin tikiti yana nuna ka saya ne kawai, bodin fas ne ke nuna ka hau jirgin. Ka ɗauki hoton kowanne a take, rubutun irin takardun nan gogewa yake yi.

Wajen sayen tikiti dan Allah kada arha ta ruɗe ka ka sayi tikiti biyu daban-daban ka haɗa su da kanka. In tikiti ɗaya ne kuma jirgin farko ya yi latti, kamfanin ne zai nema maka wani, in kuwa daban ka saya to ka rasa na biyun kenan, ga shi sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake shiga, wanda sau da yawa ke nufin kana buƙatar bizar ƙasar da ka yada zango. Ko da tikiti ɗaya ne ma ka duba, wasu filayen jirgin Turai suna neman bizar yada zango daga masu wasu fasfuna ko da ba za su fita waje ba. Ka bar aƙalla awa biyu zuwa uku tsakanin jirage. Kuma ka isa kwana ɗaya kafin a fara, in bambancin agogo ya yi yawa kwana biyu, jiki yana ɗaukar kusan kwana guda kan kowace awa ɗaya ta bambanci kafin ya daidaita, tafiya gabas kuma ta fi wuya. Mutumin da ya sauka da asuba yana da gabatarwa ƙarfe goma, ko tambaya ba zai ji daidai ba.

Duk abin da in ya ɓace gabatarwarka ta rushe, jakar hannu zai shiga: laftof, caja, magungunanka, kaya kala ɗaya masu kyau, takardun gayyata da na otal a buge a takarda don waya na iya mutuwa a gaban jami'in shige da fice. Fawa banki dama ba a yarda a sa shi a babban akwati ba, a hannu ake riƙewa. Ruwa ko turare ko man shafawa da ke jakar hannu, a yawancin filayen jirgi kada kwalba ta wuce mililita 100. Ka sayi adafta mai shiga kowane soket, na Ingila daban, na sauran Turai daban, na Amurka daban kuma wutarsu 120 ce ba 230 ba, cajar laftof da waya yawanci suna ɗaukar duka biyun amma ka karanta jikinta. In akwati bai fito ba kada ka bar filin jirgi sai ka cika fom na ɓatan kaya a teburin kamfanin an ba ka lamba, ɗan sitikan da suka manna maka a bayan bodin fas shi za su tambaya.

Masu fosta, wato masu gabatar da aikinsu a babbar takardar da ake liƙawa a allo, ku karanta girman da aka ce da kuma ko a tsaye ne ko a kwance. A0 shi ne milimita 841 da 1189, amma tarukan Amurka da inci suke awo kuma allonsu yawanci a kwance yake. Ana buga fosta a kan yadi yanzu, ka ninke ta cikin jaka ba sai ka yi ta yawo da dogon bututu ana ce maka kaya na biyu ne ba.

Silaid kuma ka ajiye shi wuri uku, laftof, filasha, da imel ɗinka, ka yi kwafin PDF saboda PowerPoint yakan watse a kwamfutar wani. Minti 15 ake bayarwa galibi, wani wuri 12 da 3 na tambayoyi, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye minti takwas ana bitar ayyukan magabata, mutanen da ke zaune sun san su, wasu ma su suka rubuta, abin da ka gano suka zo ji. Ka kai ga sakamakonka kafin minti biyar. Ka gwada da agogo da murya a sama, ba a zuci ba. Ka je ɗakin lokacin hutun da ke gaban zamanku, ka gaisa da shugaban zama, ka faɗa masa yadda ake kiran sunanka, ka sa fayil ɗin a kwamfutarsu ka ga ya buɗe. In aka yi maka tambayar da ba ka da amsa, cewa ban duba wannan ɓangaren ba amma zan so mu yi magana bayan zama ya fi kame-kame sau dubu. In kuma wani ya miƙe ya mayar da tambaya lakca, ka gode masa ka amsa guntun da ya shafi aikinka, shugaban zama zai ji da sauran.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mutum zai sha duk wannan wahalar, ya gabatar a gaban mutum goma sha biyu, ya yi hoto a gaban bana, sannan ya ɓace cikin gari sayen tsaraba ko ya maƙale da mutanen da suka taho tare daga sashe ɗaya har a gama. To me aka je yi? Maƙalarka ko kana gida za a iya karantawa. Abin da ba ka samu a gida shi ne mintuna ashirin na hutun shayi, inda matar da kake ta kawo sunanta a babi na biyu na kundin bincikenka take tsaye ita kaɗai da kofi a hannu. Tun kafin ka taso ka buɗe jadawalin taro ka zaɓi mutum biyar da kake son gani, ka tura musu gajeren imel cewa za ka zo kuma kana son minti goma. Ka shirya bayanin aikinka cikin jimla biyu da ko wanda ba ɗan fanninku ba zai gane. In ka je gun babban farfesa kada ka buɗe da neman sikolashif, ka fara da takamaiman abu a aikinsa da ka karanta da tambayar da ta taso maka, sauran zai biyo baya in da rabo. Kuma kada ka raina ɗaliban digiri na uku da ke tsaye gaban fostarsu ba kowa, su ne ke da lokacin yi maka bayani dalla-dalla, su suka san wane lab ne ke neman mutum, kuma da su za ka yi shekara talatin kuna haɗuwa.

Ba dole ka shiga kowane zama ba, kai zai toshe. Uku masu kyau a rana da ka saurara da gaske sun isa, in ka gaji ka koma masauki ka huta. Shi ya sa masauki kusa da wurin taro ya fi, ko da ɗakin ƙarami ne, in jami'a ce ke karɓar baƙi ka tambaya ko suna ba da ɗakunan ɗalibai. Otal da yawa suna riƙe wani abu a katinka a matsayin ajiya ranar shiga sai bayan ka fita su sake shi, ka bar sarari a katin, kuma ka sanar da bankinka za ka yi tafiya don kada su toshe shi ka tsaya a kanta kana zufa.

Duk wanda kuka yi magana, da daddare ka rubuta sunansa da abin da kuka tattauna da abin da ka yi alkawarin turawa, bayan kwana uku fuskokin duk haɗewa suke yi. Cikin satin da ka dawo ka tura imel ɗin, ka tuna masa inda kuka haɗu, ka maƙala abin da ka ce za ka aiko. A satin nan dai ka haɗa rasit ka miƙa wa masu biya, domin yawancinsu suna da wa'adi. Tambayoyin da aka yi maka a zaure kuma ka zauna da su ka gyara maƙalar tun kana tuna su, ka duba ko taron zai fitar da kundi ko fitowa ta musamman a wata mujalla da ranar rufewarta, kuma kafin ka sa hannu a ba su haƙƙin bugawa ka tambaya ko hakan zai hana ka kai cikakken aikin wata mujallar daga baya.