Babi na Shida: Idan Gwamnati Ta Cefanar da Kamfaninta

Darasi na ɗaya

Ku sa yatsa a kan layin farko, mu karanta tare, a hankali. Kamfanin gwamnati shi ne wanda gwamnati ta mallaka, kamar na wutar lantarki, ko na jirgin ƙasa, ko na tarho. In ya ci riba, ta shiga baitulmali. In ya yi asara, da kuɗin harajin jama'a ake cike gurbin. Idan gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa, sai a ce ta cefanar da shi.

Ga inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Kafin ku amsa komai, ku tambayi kanku: kamfanin na wane ne yanzu? Ba wanda ke zaune a ofis muke nema ba, mai kamfanin muke nema. Gwamnati na iya ba ɗan kasuwa kamfani ya tafiyar da shi na wasu shekaru, sannan ya mayar. Wannan ba cefanarwa ba ce. Ɗan haya ko ya daɗe a gida, gidan ba nasa ba ne.

Mu sake. Na wane ne? Ku faɗa da ƙarfi. Madalla. In kun rikice, ba komai, ku koma kan tambayar.

A 1984 gwamnatin Margaret Thatcher a Birtaniya ta sayar wa jama'a fiye da rabin hannun jarin kamfanin tarho na British Telecom. Ta riƙe sauran, amma rinjaye ya bar hannunta. To, na wane ne? Na masu hannun jari. Duk da haka ta kafa hukumar da ke sa ido kan kuɗin kira.

Haba jama'a! Har yanzu wasu na rubuta "gwamnati ta rufe kamfani". Wa ya ce an rufe? Sayarwa aka yi, aiki na ci gaba. Ku goge, ku sake rubutawa. Na wane ne?

Darasi na biyu

Gwamnati kan sayar don ta sami kuɗi ta huta da asara. Masu adawa na tsoron korar ma'aikata da tsadar kaya.

Darasi na uku

Birtaniya ta karɓe kamfanonin ƙarfe a 1967, ta sayar a 1988. Ku kwafe a littafinku.