Yadda Ake Hana Masu Kwashe Kayan Shagon Intanet

Wani baduku na Birni, a Damagaram, ya nuna mini takalman da ya ɗinka da hannunsa a wani shafin da bai sani ba. Hotonsa ne, har da tabarmar da ya shimfiɗa a ƙarƙashinsu, an ƙara jaka biyu a kan kuɗin. Ba mutum ne ya zauna ya kwafa ba. Manhaja ce ake saki, bot ake ce mata, ta bi shago shafi-shafi cikin dare ta kwashe hotuna da farashi.

Sababbin shiga da robots.txt suke farawa, wato fayil ɗin da ake rubuta wa bot shafukan da ba a so ya shiga, su kwanta. Rubuta shi, amma roƙo ne, ba kwado ba. Google na jin roƙon, ɓarawo ba ya ji.

Fara da sa shagon a bayan Cloudflare, kamfanin da ke tace masu shiga kafin su iso shafinka. Na kyautar ya ishi ƙaramin shago, kada ka biya ko dala tukuna. A cikinsa kunna Bot Fight Mode mai tare bot, ka sa Turnstile, mai tantance ko mutum ne ko bot, a wurin rajista da wurin biya kawai.

Sai wurin da na yi kuskure. Na ga adireshin IP ɗaya, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita, yana buɗe shafuka babu tsayawa, na toshe shi kwata-kwata. Kafin azahar wata hajiya daga Zango ta kira: "Malam, shagon naku ya mutu ne?" Ba ita kaɗai ba. Ashe kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a kan adireshi guda, kuma a Damagaram kusan kowa da waya yake shiga. Na kori ɓarawo tare da masu saye, shi kuwa ya sauya adireshi ya dawo. Don haka kada ka toshe, ƙayyade gudu. Ni shafi 60 nake bari a minti ɗaya, wanda ya wuce a ba shi amsar 429, wato saƙon cewa ya cika gudu, ya jira minti 10. Sannan ka ɓoye mahaɗin da idon mutum ba ya gani, ka hana shi a robots.txt don kada Google ya faɗa. Wanda ya taka shi, galibi bot ne.

Sunan shagon kuma ka sa shi a tsakiyar hoto, a kan kayan. Na gefe yanke shi ake yi.

Akwai kuma masu sayen kaya da yawa don su sake sayarwa, su ma ƙayyade musu: lambar waya ɗaya, kaya biyu, da lambar tabbatarwa ta SMS. Kowane saƙo kuɗi ne, ka tura shi lokacin biya kawai.