Malama, janye hannunki: kurakuran da aka fi yi a ajin nazare

Kusan duk sabuwar malamar da aka turo ajin nazare, ko daga kwalejin ilimi ta fito da takardar NCE, ko kuwa mai makaranta ne ya ɗauko ta don an ce tana da haƙuri da yara, kurakuranta ba sa wuce waɗanda ta gabanta ta yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin ƙofar aji duk farkon zango, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai ɗauka ta ɗauka. Da mata nake magana don su suka fi yawa a wannan aji, amma malam ma kada ya ce ba da shi ake ba.

Kuskuren da ya fi kowanne ci mini rai shi ne saurin hannu. Yaro ɗan shekara uku ya sunkuya yana fama da takalminsa, ya sa na dama a ƙafar hagu, yana nishi yana turawa. Kafin ya gane inda matsalar take, Anti ta durƙusa ta cire, ta gyara, ta ɗaure, ta ce "tashi mu tafi." A ganinta taimako ta yi, har tana jin daɗin kanta. Alhali darasin ranar gaba ɗaya ta ƙwace masa. Haka ake yi da zif ɗin jaka, da murfin kula, da gorar ruwa, da maɓallin riga, da wanke hannu. A wuni guda yaro zai samu damar gwada kansa sau da yawa, kowace dama kuma sai an sa hannu an karɓe.

Na ɗanɗana kuɗar wannan. An taɓa ba ni ajin 'yan shekara biyar da suka taso a hannun wata baiwar Allah mai raino, dattijuwa mai kirki da tausayi, wadda ba ta iya ganin yaro yana wahala. Da lokacin tara ya yi, sai yaran suka jera kuloli a gabansu, suka naɗe hannu suna kallona. Babu wanda ya ko taɓa murfi. Akwai wanda ya buɗe baki yana jiran cokali. Da na ce kowa ya buɗe nasa, kuka ya kaure a ajin. Kafin mako ya zagayo magana ta kai gidaje cewa sabuwar malama maƙiwaciya ce, ba ta taɓa yara, ga rashin imani. Aka kira ni ofis, aka yi mini faɗa a gaban wata uwa, wasu iyayen suka nemi a canza wa 'ya'yansu aji, wasu suka cire su daga makarantar ɗungurungum. Zangon nan kaf a koyar da buɗe kula da sa takalmi ya ƙare, abin da ya kamata a ce sun iya tun suna shekara uku. Ita dattijuwar har yau ana sa mata albarka, ni ce dai na biya bashin.

Abin da nake yi, ba na ce kowa ya yarda da shi ba: idan na ga yaro yana fama, sai in haɗa hannayena a baya in yi istigfari a zuci kafin in motsa. Galibi kafin in gama ya warware abinsa. In ya ɗago ya kalle ni, sai in tambaye shi, "Ɗana, ina ne ya gagara?" In taimako ya zama dole, ɓangaren da ya fi ƙarfinsa kawai nake yi. Zif, ni zan haɗa bakinsa, shi zai ja. Murfin da uwa ta murɗe da ƙarfinta na manya, ni zan sassauta, shi zai ƙarasa. Kullum a bar masa mataki na ƙarshe, don ya ji cewa shi ya gama. Bayan kwana biyu sai a ja baya da mataki ɗaya. Kuma ki sani, yawancin saurin hannu daga ƙurewar lokaci yake fitowa. Idan sai an kaɗa ƙararrawa za ki fara haɗa yara, ga masu adaidaita sahu suna ta hon a waje, dole ki sa musu takalmi da kanki. Fara shirin tashi da saura minti 15. Sauri ya haifi nawa. Iyaye kuma a roƙe su tun ranar farko su sayi takalmi mai mannewa da wando mai roba, su bar mai igiya da bel sai an shiga firamare.

Makarantu nawa ne a Kano da Kaduna da Zariya suka rubuta sunan Montessori a allon ƙofa, amma ka shiga aji ka tarar ana ba ɗan shekara huɗu abinci a baki? Ita Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, kuma ajin da ta buɗe a 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum na 'ya'yan talakawa ne masu fita aikin ƙarfi. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara waɗanda za su iya ɗagawa da kansu, aka saukar da kabad ƙasa, yara suna shara, suna goge tebur, suna koyon ɓalle maɓalli da zuba ruwa. Wannan sashe na aikinta ba ya cin kuɗi, shi ne kuma aka fi watsarwa a wurinmu.

Na biyu, wanda shi ma ya sha haɗa ni faɗa da mutane, shi ne ɗaukar wasa a matsayin tukuici. "Ku gama rubutu, sai in bar ku ku yi wasa." Ma'ana rubutu shi ne karatu, wasa kuwa ragowar lokaci. Sai ka ga 'yan shekara uku an jera su a benci tun ƙarfe takwas, ana kwafar 1 zuwa 100, ana rera A zuwa Z, har da jinga a tafi da ita gida, uwa ta kama hannun yaro da dare ta rubuta masa, malama ta ba da maki goma bisa goma, kowa ya yaudari kowa. Hannun ɗan shekara uku bai yi ƙwarin da zai riƙe fensir yadda ya kamata ba. Riƙon yatsa uku da muke so yakan zauna ne wajen shekara huɗu zuwa shida, kuma abin da ke kawo shi shi ne murza yumɓu, yaga takarda, zura igiya a cikin dutsen ado, tsintar ƙwallon dabino ɗaya bayan ɗaya, zane da yatsa a kan yashi. Wanda aka tilasta wa fensir da wuri sai ya damƙe shi da duka tafin hannu, ya saba a haka, ya kuma tsani rubutu tun bai san amfaninsa ba.

Tsarin ilimi na ƙasa ma, bugun 2013, ya faɗa ƙarara cewa hanyar koyarwa a wannan mataki ita ce wasa, ya kuma ce malami ɗaya ga yara 25. Na san ajujuwan da suka ninka haka, wannan zance ne na wata rana. Abin lura dai shi ne, malamar da ta shimfiɗa tabarma ta zuba murafen lemo ba kauce wa manhaja ta yi ba. Tun 1840 da Friedrich Froebel ya kafa irin wannan makaranta a Jamus, kayan aikinsa ƙwallayen zare ne da guntayen katako da waƙoƙi da ɗan lambu.

Ki kafa ɗan kanti a lungun aji: gwangwanayen madara, kwalayen ashana, mudu, yashi a matsayin gero, murafen lemo a matsayin kuɗi. Ki zauna kusa ki saurara. Za ki ji ana ciniki, ana "albarka," ana ƙirga canji, ana gardama a kan ko ƙoƙo nawa ne ke cika mudu. Wannan lissafi ne, kuma harshe ne, kuma koyon jiran layi ne. Yarinyar da ta ba da murfi biyar aka mayar mata da biyu ta fi sanin biyar a kan wadda ta rubuta lambar shafi guda. Tuwon ƙasa da 'yar tsana da motar kara da 'yar carafke da muka yi a ƙofar gida, su ne dai, aji kawai aka shigo da su.

Amma ga iyaye. Za su zo, ki shirya. "Malama, kuɗi fa muke biya, ga ɗan maƙwabciyata yana rubuta har ɗari, nawa littafinsa fes." Kada ki yi musu lacca, kada kuma ki tsorata ki koma kwafa. Ni ina da ɗan littafi a aljihu, kowane yaro da shafinsa, ina rubuta abin da na gani da kwanan wata: yau ta ware murafe ja daban, kore daban, yau ya zuba ruwa a kofi bai zubar ba, yau ta ba da tatsuniya daga farko har ƙurungus. Idan uwa ta zo, sai in ce, "Hajiya, zauna ki gani," in buɗe mata shafin, in kira yaron ya ƙirgo mata murfi bakwai daga cikin tuli. Ba duka ke gamsuwa ba. Akwai uban da zai tafi yana ƙunƙuni, ki bar shi.

To, kada kuma wata ta ji an ce wasa ta ce kakarta ta yanke saƙa. Wannan shi ne ɗaya gefen, kuma ku 'yan matan yanzu kun fi faɗawa cikinsa. A juye kwandon kayan wasa a tsakar aji, Anti ta koma kujera ta buɗe WhatsApp, yara suna doke-doke, mai ƙarfi ya tattare komai, mai kunya ta rakuɓe a bango har a tashi. In an yi magana ki ce ai koyo ta hanyar wasa kike yi. Wane irin koyo? Kunya ma ba ki ji ba? Wayarki ta zauna a jaka. Aikinki a lokacin wasa ya fi na lokacin allo wuya: ke za ki shirya wuri tun kafin su iso, ki san abin da kika ajiye a kowane lungu da dalilinsa, ki zauna ƙasa daidai tsayinsu, ki jefa tambaya ɗaya a lokacin da ya dace, "Me zai faru in ka ƙara ɗaya a sama?", sannan ki yi shiru. Shirun nan ma sai an koya. Wasu in sun ajiye waya sai su cika yara da tambayar "wane launi ne wannan," har wasan ya koma jarrabawa.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kayan wasa masu tsada da aka kulle a kabad sai ranar da baƙi za su zo: a buɗe, ko a daina saye. Kanta mai tsayi da yaro ba ya kai wa: a sauke ta, a manna hoton abin da ke zama a kowane gurbi don ya mayar da kansa. Zuba kaya duka a rana ɗaya yana rikita su; fito da kaɗan, ki riƙa musanyawa duk mako biyu. Minti goma ba wasa ba ne, kafin su gama rabon wa zai zama direba wa zai zama kwandasta lokaci ya ƙare. Ni ba na ba da ƙasa da minti 45 a jere. Kada ki kori namiji daga lungun girki, ko mace daga gini. Bahago a ƙyale shi ya yi zane da rubutu da hagunsa, cin abinci da dama kuwa a koya masa da lallami. Tafi da "gud boi" a kan kowane motsi yana sa yaro ya riƙa yin abu yana kallon fuskarki, faɗi abin da kika gani kawai, "Ka sa takalminka da kanka." Ruwa ya zube, miƙa masa tsumma, ba tsawa ba. A tanadi gajeriyar tsintsiya da ƙaramar buta.

Biyu daga ciki ba na wasa da su ko kaɗan. Ƙwallon dabino, dutsen ado, wake da duk abin da zai shige baki ko hanci, ba na ajin 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, manyan ma sai idonki na kansu. Bokitin ruwa kuma ba a barinsa a buɗe a inda yara suke ko da na minti ɗaya ne, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya faɗa da ka. Wasan ruwa a faranti mai faɗi ake yi, a zubar da zarar an gama.

Sai rabon faɗa. Yara biyu suna jan mota ɗaya, sabuwar malama takan fizge ta ɗora a saman kabad ta ce kowa ya rasa, ko ta ba wanda ya fi kuka. In dai ba duka ko cizo ya shiga ba, ni durƙusawa nake yi in riƙe motar a tsakiya in ce, "Mota ɗaya ce, ku biyu ne. Yaya za a yi?" Farkon zango kallona kawai suke yi, sai na kawo shawara biyu su zaɓa. Wajen tsakiyar zango za ki fara jin wani yana cewa, "In ka kai bango ka dawo sai ka ba ni." Wanda ya yi alkawari kuma ki tsaya a kansa har ya cika, don in ɗayan ya ga an ci amanarsa sau ɗaya, gobe fizge zai yi.